Hadiman Kwamfuta A Asibiti: Wa Zai Riƙe Fayil, Wa Zai Sa Hannu?

A watan Afrilun 2025 wani umarni na Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ya fara aiki: duk lokacin da asibiti ya nemi izinin yi wa majinyaci wani aiki, wajibi ne kamfanin inshorar da ke kula da shi, wato HMO, ya bayar da lambar amincewa cikin sa'a ɗaya. Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya taɓa zama a bencin asibiti da majinyaci a gefensa, yana jiran "kod" ya fito kafin a ɗauki hoto ko a ga ƙwararren likita, ya san abin da ya jawo wannan umarni. Likita yana nan, na'urar gwaji tana nan, wani lokaci har maganin ma yana nan. Takarda ce ta maƙale tsakanin wannan tebur da wancan.

A irin wannan giɓi ne wata sabuwar fasaha ta fi nuna alamar amfani. Tun daga 2024 manyan kamfanonin fasaha da jami'o'i suka karkata ga abin da za a iya kira hadiman kwamfuta: manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, da ake ba kowacce nata aikin, su riƙa miƙa wa juna, suna duba na juna, har buƙata ta biya. Yawancin ce-ce-ku-cen da ake yi a kansu yana kan ko za su fi likita gane cuta. Ga ƙasa irin Najeriya kuwa, tambayar da ta fi taɓa rai ita ce ko za su iya raka majinyaci daga ƙofar asibiti zuwa ga magani ba tare da ya ɓace a hanya ba, da kuma wanda za a tuhuma in sun yi kuskure.

Daga mai ba da amsa zuwa mai aiwatarwa

Ma'aikata da dama sun saba da manhajoji irin su ChatGPT, ko Service-Wise GPT da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya ƙaddamar a 2025 domin taimaka wa jami'ai wajen duba ƙa'idojin aiki da rubuta takardu. Irin waɗannan tambaya ake yi musu su ba da amsa, daga nan aikinsu ya ƙare. Hadimin kwamfuta ya wuce nan. Manufa ake ba shi, tare da kayan aiki da izini: ya buɗe rumbun bayanai, ya cike fom, ya aika saƙo, ya jira amsa, ya duba ko abin da aka nema ya samu, in bai samu ba ya sake bi. Bambancinsu kamar na mai ba da shawara ne da hadimin da aka ce wa, "Ka tabbatar takardar nan ta isa teburin Babban Sakatare kafin azahar."

Shi ma tsarin hadimai masu aiki tare ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda fayil ke tafiya a ma'aikata. Kowane jami'i da jadawalin aikinsa: wannan ya tattara bayani, wancan ya duba ko an bi ƙa'ida, na sashen kuɗi ya duba ko akwai tanadi a kasafi, mai binciken kuɗi ya bi sawu, a ƙarshe mai iko ya sa hannu. Haka ake jera hadiman, tare da wani guda a samansu mai rarraba aiki da haɗa sakamako.

Masu ƙera su suna da dalilan raba aikin. Manhaja ɗaya da aka lafta wa komai takan cakuɗa abubuwa, ta manta farko kafin ta kai ƙarshe. In an raba, ana iya taƙaita wa kowane hadimi abin da zai gani, ta yadda mai lissafin kuɗin asibiti ba zai san cewa majinyaci yana ɗauke da wata cutar da yake ɓoyewa ba. Sannan ana iya ware wani ya zama aikinsa kawai neman kuskuren 'yan'uwansa. Domin hadiman kamfanoni daban-daban su fahimci juna, an fara fito da ƙa'idojin sadarwa na bai-ɗaya: kamfanin Anthropic ya fitar da MCP a Nuwambar 2024, Google ya fitar da A2A a Afrilun 2025. A fannin lafiya kuma da ma akwai ƙa'idar FHIR, wadda ta fayyace yadda za a tsara bayanan majinyaci domin kowace manhaja ta iya karantawa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda kamfanin Microsoft ya sanar a ƙarshen Yunin 2025. Masu bincikensa sun ɗauki larurori 304 masu wuyar ganewa daga mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine, suka mayar da kowacce tamkar majinyacin da za a yi wa tambayoyi da gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya, kowane gwaji da kuɗinsa. Tsarin da suka kira MAI-DxO yana aiki kamar zaman likitoci biyar: ɗaya yana jera cututtukan da ake zargi, na biyu yana zaɓen gwajin da ya dace, na uku yana ƙalubalantar ra'ayin sauran, na huɗu yana lura da tsadar gwaje-gwaje, na biyar yana tabbatar da ba a tsallake wani mataki ba. A mafi kyawun haɗinsa tsarin ya gano cutar daidai a kashi 85.5 cikin 100. Likitoci 21 daga Amurka da Birtaniya da aka gwada a wani ɓangare na larurorin sun tsaya a kimanin kashi 20.

Alƙaluman suna da ban mamaki, amma sai an karanta su da sharuɗɗansu. An hana likitocin duba littafi, da tuntuɓar abokan aiki, da shiga intanet, alhali babu likitan da ke aiki haka. Larurorin kuma zaɓaɓɓu ne, irin waɗanda likita zai iya shekara bai ga ko ɗaya ba, sun bambanta da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da hawan jini da ke cika asibitocinmu. Kamfanin da kansa ya ce bincike ne, tsarin bai kai a yi amfani da shi a kan majinyata ba. Darasin da ya fi tsayuwa daga gwajin shi ne cewa manhaja guda ta ƙara dacewa, ta kuma rage gwaje-gwajen ɓarnar kuɗi, da aka sa ta yi muhawara da kanta a matsayin mutum biyar.

Gwajin da ya fi kusa da yanayinmu an yi shi ne a Nairobi. Asibitocin Penda Health na ƙasar Kenya, tare da kamfanin OpenAI, sun wallafa sakamako a Yulin 2025 kan ziyarar majinyata 39,849 a ƙananan asibitoci 15. Manhajar tana bin abin da ma'aikacin lafiya ke rubutawa, ta nuna kore in komai daidai ne, ruwan ɗorawa in akwai abin lura, ja in akwai haɗari. Waɗanda suka yi aiki da ita sun rage kuskuren gano cuta da kashi 16 cikin 100, na ba da magani da kashi 13, idan aka kwatanta da waɗanda ba su da ita. Hadimi ɗaya ne kawai a gefen ma'aikaci, kuma hukunci yana hannun mutum. Abubuwa biyu a rahoton sun cancanci a riƙe: da farko ma'aikata sukan ƙyale jan gargaɗi, sai da shugabanni suka bi su da horo da tunatarwa, sannan binciken bai nuna wani tabbataccen bambanci ba a yawan majinyatan da suka ce sun samu sauƙi.

Inda namu ciwon yake

Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci sama da 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai, kuma kimanin 55,000 ne ke riƙe da lasisin aiki ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Kaso mai yawa na waɗannan ma suna Legas da Abuja da wasu manyan birane. Kowace sa'a da likita ya ɓatar wajen cike fom, ko neman fayil, ko kiran waya yana tambayar inda ake da gado, sa'a ce da aka ƙwace daga majinyaci.

Mutuwar mata wajen haihuwa ta fi komai fito da tsadar wannan jinkiri. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Tun 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka karkasa musabbabin zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Shirin MAMII da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Nuwambar 2024, wanda ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan asarar, da waɗannan jinkiri yake kokawa. Abin da ke kashe matan sananne ne ga kowace ungozoma: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Gane su ba ya buƙatar zaman likitoci biyar. Abin da ake rasawa shi ne mota da jini da gado da likitan tiyata, duk a lokaci ɗaya.

A ɗauki misalin mai ciki wata takwas da ta je awo a ƙaramin asibiti a gefen Abuja, aka auna jininta ya hau, tana ƙorafin ciwon kai da dishi-dishin gani. A tsarin hadimai, na farko zai saurari bayanin da ungozoma ke faɗa ya shigar da shi cikin rajista, ta huta da rubutu. Na biyu zai gwada alamun da ƙa'idar jinya ta ƙasa, ya tuna mata cewa waɗannan alamun jijjiga ne, a duba fitsari, a shirya allurar kariya. Da ungozoma ta yanke hukuncin tura matar gaba, na uku zai rubuta takardar turawa, ya aika wa HMO cikakken bayani domin kada rashin kod ya tsayar da komai. Na huɗu zai tambayi manyan asibitoci uku mafi kusa wanne ke da gado da jini da likita a bakin aiki, ya nemi motar ɗaukar marasa lafiya. Kafin ta isa, bayaninta ya riga ta isa. Bayan sallama na biyar zai kira ta da harshen da take ji, ya tambayi ko tana shan magani, in ta ambaci wata alamar haɗari ya sanar da nas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a duk wannan jeri babu inda na'ura ta yanke hukuncin jinya. Aikenta kawai aka yi.

Darasin tarin fuka

Najeriya ta riga ta ɗanɗana wani yanki na wannan aiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajojin karanta hoton ƙirji wajen tantance masu tarin fuka 'yan shekara 15 zuwa sama. Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa da abokan aikinsa, irin su KNCV, sun shiga kasuwanni da ƙauyuka da gidajen gyaran hali da motoci da na'urorin hoto na tafi-da-gidanka, masu ɗauke da manhajoji irin su CAD4TB da qXR, waɗanda ke karanta hoto nan take a inda babu likitan hoto. Wannan na cikin matakan da suka taimaka adadin masu cutar da aka gano ya tashi daga kimanin 138,000 a 2020 zuwa sama da 360,000 a 2023.

Sai dai karanta hoto mataki ɗaya ne a doguwar tafiya. Wanda hotonsa ya nuna alama sai an karɓi majinarsa an kai ɗakin gwaji mai na'urar GeneXpert, sakamako ya dawo, a nemo mutumin, a ɗora shi kan magani na wata shida, a duba mutanen gidansa, a tabbatar maganin bai yanke a asibitinsa ba. A kowace gaɓa ana iya rasa mutum. Hadimi mafi ƙwarewa wajen duba hoto ba zai hana wannan ba. Sai an samu wasu da ke bin samfur, da bin sakamako, da bin majinyaci, da bin kayan ajiya, kuma suna magana da juna.

A nan ne babban cikas yake. Ƙasar tana da rumbunan bayanai da dama: DHIS2 na rahotannin wata-wata, SORMAS da hukumar NCDC ke bibiyar annoba da shi, NHLMIS na lissafin magunguna da kayan aiki, ga manhajojin asibitoci daban-daban, ga na kamfanonin HMO kowanne da nasa. A ƙananan asibitoci masu yawa kuwa har yanzu manyan rajistocin takarda ne. Hadimin da ba shi da mabuɗin waɗannan ɗakuna kamar masinja ne da aka aika ofishin da ke kulle. Domin ɗinke wannan ɓaraka ne Ma'aikatar Lafiya ta kafa shirinta na mayar da bayanan lafiya zuwa kwamfuta a 2024, kuma nasarar hadiman ta rataya ne a kan nasarar wannan aiki mara armashi.

Inda aka yi tuntuɓe

Cibiyar ciwon daji ta MD Anderson da ke Amurka ta kashe kimanin dala miliyan 62 a kan wani tsari da aka gina da Watson na kamfanin IBM, aka jingine shi ba tare da ya shiga aikin jinya na yau da kullum ba. Cikin matsalolinsa har da cewa ba a haɗa shi da sabuwar manhajar bayanan majinyata da cibiyar ta koma kai ba. A 2022 IBM ya sayar da babban ɓangaren sashensa na lafiya.

A 2021 masu bincike a Jami'ar Michigan suka gwada wata manhajar kamfanin Epic da ɗaruruwan asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen hango shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Suka tarar ta kasa gano kashi 67 cikin 100 na masu larurar, alhali ta tayar da ƙararrawa a kan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Ƙararrawar da ke kaɗawa kullum, ma'aikata kan daina jin ta.

A Ruwanda kuwa wani darasin ne daban. Kamfanin Babyl ya yi wa mutane sama da miliyan biyu rajistar ganin likita ta waya, har ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da gwamnati a 2020. Da uwar kamfanin, Babylon ta Birtaniya, ta durƙushe a 2023, sai aikin ya tsaya.

Tsarin hadimai da yawa yana da nasa haɗarin na musamman. Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna shi: in hadimai biyar suka jeru, kowanne yana dacewa sau 95 cikin 100, kuma babu mai gyara wa wani, aikin gaba ɗaya zai fito daidai ne kusan sau 77 kawai. Waɗannan manhajoji kuma sukan yi shaci-faɗi, su ƙago sakamakon gwajin da ba a yi ba, cikin lafazi mai gamsarwa. In na farko ya rubuta nauyin yaro ba daidai ba, na biyu zai lissafa magani a kan kuskuren, na uku ya tabbatar da lissafin, domin lissafin kansa daidai ne. Sau da yawa kuma duk hadiman daga manhaja ɗaya aka yanko su, don haka yardarsu da juna ba ta zama shaidar mutum biyar ba. Ma'aikacin gwamnati ya san irin fayil ɗin da jami'ai bakwai suka sa wa hannu, kowanne yana zaton na gabansa ya karanta.

Wa zai amsa tuhuma?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar tsaro na musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai zuwa ƙasashen waje, kuma sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta hanyar na'ura kaɗai, tare da damar neman ɗan'adam ya sake dubawa. Wannan ya shafi hadiman kai-tsaye, domin yawancin manyan manhajojin a rumbunan ƙasashen waje suke aiki.

Majalisar MDCN likita take ba lasisi, shi take hukuntawa. NAFDAC kuma ita ke rajistar na'urorin asibiti. Manhajar da ke ba da shawarar jinya, wadda kamfaninta ke iya sauya ta cikin dare, ba ta zauna daram a ɗayan biyun ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a Janairun 2024 kan irin waɗannan manyan manhajoji, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin kafa ƙa'ida da sa a riƙa bincike mai zaman kansa bayan an fara amfani da su.

Masu inshora su lura da wata fuskar. Hadimin da zai iya fitar da kod cikin minti ɗaya zai iya hana shi cikin minti ɗaya, ga dubban mutane, ba gajiya ba kunya. Amincewa da abin da ya cika ƙa'ida ana iya bar wa na'ura. Ƙin amincewa kuwa ya kamata ya fito daga likita mai suna da lambar lasisi, wanda za a iya ƙalubalanta.

Akwai kuma batun adalci. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya gano cewa wata manhaja da ake amfani da ita a Amurka tana auna tsananin rashin lafiya da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum, sai ta ɗauki baƙaƙen fata a matsayin masu sauƙin ciwo, saboda an saba kashe musu kaɗan. A Najeriya, inda sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita, kuma masu inshora kimanin miliyan 20 ne kawai, bayanan da suka fi tsafta na ma'aikata ne da mazauna birni. Hadimin da ya koyi aiki daga gare su zai san ma'aikacin Garki, amma matar da ke ruga a Zamfara baƙuwa ce a wurinsa.

Wuta, harshe da kuɗi

Asibitin Koyarwa na UCH da ke Ibadan ya shafe fiye da wata uku ba wutar layi bayan an yanke masa saboda bashi a ƙarshen Oktoban 2024. In haka ta samu tsohon asibitin koyarwa irin wannan, to duk tsarin da za a kai ƙananan asibitoci kusan 30,000 na ƙasar nan dole ya iya aiki a waya mai arha, ya jure yankewar sabis, ya kuma bar hanyar komawa takarda.

Harshe ma ba ƙaramin lamari ba ne. Bahaushiya in ta ce tana da ciki, ko cikinta na ciwo, kalma ɗaya ce ma'ana biyu. Shawara tana iya zama nasiha, tana iya zama cutar da ke sa ido ya yi ɗorawa. Ciwon sanyi ba mura ba ne, ciwon daji kuma ba a jeji ake kamuwa da shi ba. An fara yunƙurin cike wannan giɓi: a Satumbar 2025 Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, tare da kamfanin Awarri, ta ƙaddamar da N-ATLAS mai fahimtar Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin 'yan Najeriya, kamfanin Intron kuma yana ƙera manhajar da ke rubuta maganar ma'aikatan lafiya masu lafazin Afirka. Amma jin Hausar hira daban, jin Hausar majinyaci daban, sai an gwada a ɗakin duba marasa lafiya.

Ga kuma kuɗi. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, amma kason lafiya a kasafin tarayya bai kai ko rabin haka ba. Hadiman kwamfuta ba kaya ba ne da za a saya sau ɗaya a yanka ƙyalle. Haya ce ta kullum, yawanci da dala, kuma hadimai biyar masu muhawara sun fi guda ɗaya cin kuɗi. In daga asusun BHCPF, wanda ake cirewa daga kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, za a biya, to kowace naira da magani da albashin ungozoma take gogayya.

Kafin a rubuta memo

Ba da daɗewa ba takardun neman kwangilar irin wannan fasaha za su yawaita a teburan daraktoci da hadiman ministoci, kuma tun ran gini tun ran zane. Wurin farawa mafi aminci shi ne aikin ofis na asibiti: fitar da kod, tura majinyaci, lissafin magani, biyan asibitoci haƙƙinsu, tunatar da masu rigakafi da masu awo. Kuskure a nan yana gyaruwa, amfanin kuma yana aunuwa.

Duk mai tallar tsari a tambaye shi inda aka gwada shi, da wanda ya yi gwajin, da ko za a yarda a maimaita a asibitocinmu ƙarƙashin masu bincike na jami'o'inmu kafin a biya. A tambayi inda bayanan majinyata za su zauna, da wanda ya mallake su, da yadda za a karɓe su a tsarin FHIR ranar da kwangila ta ƙare ko kamfani ya rushe. A nemi kowane mataki da hadimi ya ɗauka ya bar sawu, kamar yadda rajistar fayil ke nuna wanda ya karɓa da ranar da ya miƙa. A fayyace a rubuce abin da hadimi zai yi da kansa, da abin da zai shirya ya jira sa hannu, da abin da ba zai taɓa ba. A kuma sanya nas da ungozoma da mai ba da magani a teburin tsarawa, domin su ne za su zauna da tsarin bayan an watse daga bikin ƙaddamarwa.

Ma'aunin kuma kada ya zama yawan manhajojin da aka girka. A ƙirga mintocin da ke tsakanin neman kod da samunsa, da kwanakin da ɗakin magani ya yi babu maganin hawan jini, da yawan masu tarin fuka da suka kammala wata shidansu, da yawan matan da aka tura babban asibiti suka tarar ana jiran su. In waɗannan alƙaluma suka motsa bayan shekara guda, a faɗaɗa. In ba su motsa ba, a mayar da kuɗin ga sayen magani.